Goshin Nan Da Mai Shi

Guangzhou, 12 ga Oktoba, 1998

Zuwa ga Hajiya Rekiya, 'yar Kawu, taubashiyata wadda harshenta ya fi almakashi kaifi,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, da gaisuwa mai tarin yawa wadda ta ƙetare tekuna ba ta jiƙe ba, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ki isar da gaisuwata ga iyalina, Halimatu Sadiya, ki ce mata atamfarta na cikin kayan da suka tashi ta jirgin sama ranar Asabar. Ni nan lafiya lau, kuma wannan karon ba lafiyar fatar baki nake nufi ba. Lafiyar ce ma ta sa na ɗauki alƙalami.

Kin san ciwon bayan da ya aure ni shekara uku, tun da na fara ɗaga kwalayen takalma a kasuwar Zhanxi Lu. To, ya sake ni saki uku! Wata safiya na bi ta lambun Liuhua, sai na tarar da wani tsoho, siriri kamar sillen kara, yana juya hannuwa a hankali kamar mai shafa iska, mutum talatin a bayansa suna kwaikwayo. Ya hango ni ina tafiya a karkace, ya yafito ni, ya dafa gadon bayana da tafin hannu, ya danna. Rekiya, na ji ƙaras! Na miƙe tsaye kamar dabino.

Na zo Sin don sayen takalmi,
Ashe rabona yana ga lafiya;
Tsoho ya dafa gadon bayana,
Ciwo ya naɗe tabarma ya kama hanya.

Sunansa Sifu Lam. Sifu shi ne malam a bakinsu. Yana da makarantar kunfu a saman wani bene kusa da tashar jirgin ƙasa. Washegari na tafi godiya, kuma na yi ta yadda Kawu ya koya mana: na tuɓe takalmi tun daga bakin ƙofa, na tsuguna har ƙasa, na gaishe shi. Tsohon ya taso, ya kafa wa goshina ido, ya sa ɗan yatsa a kan tabon sallata, ya kira ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya suna leƙawa suna jinjina kai. Ban san abin da suke cewa ba, amma girmamawa ba ta bukatar tafinta.

'Yarsa, wadda ke riƙe da ofishin makarantar, ta kawo wata doguwar takarda da rubutunsu mai kama da sawun kaji, da ɗan gwangwanin jar tawada. Da guntun Turancinta ta fahimtar da ni cewa in na shiga makarantar za su nema mini takardar zama ta ɗalibi, in huta da hawa jirgin ƙasa zuwa Hong Kong kowane wata don sabunta biza. Lafiya da takardar zama a faranti ɗaya! Ban tsaya neman mai karanta mini ba, na dangwala babban yatsa.

Yanzu kowace safiya bayan asuba ina can, ni mai shekara arba'in da bakwai, cikin baƙin wando da farar riga, na ware ƙafafu kamar mai hawan dokin da ba a gani. Sifu ya fifita ni a kan kowa. Ki yi dariyarki, na yafe.

Alhaji Dogara ne zai kawo miki wannan, shi kuma zai karɓo amsa.

Naki har kullum,
Abdul-Jalil

*

Kano, ranar Lahadi

Zuwa ga bawana Abdul-Jalil, ɗan Gwaggo,

Gaisuwa da fatan alheri. Mu nan duk lafiya, sai ƙafar maigida da ta ɗan motsa, ita ma da sauƙi. Atamfa ta iso, amma Halimatu ta ce ba kalar da ta ce ba ce.

Na karanta wasiƙarka a tsakar gida, har da waƙar. Wallahi sai da aka kawo mini ruwa. Kai da ko rago ba ka iya kayarwa ranar Layya sai an taya ka, yau kai ne ɗan dambe a Cana? Labari ya riga ya zaga unguwa, kuma ya ƙara ƙiba a hanya: jiya a gidan suna na ji ana cewa ka karya mutum bakwai da hannun hagu. Ban ƙaryata ba, mutuncin dangi ne.

To, ban da wasa, na yi murna da bayanka. Abu ɗaya zan gaya maka, don na san halinka: kana kama abu da zafi ka sake shi da sanyi. Ka tuna koyon Larabci, ka tuna kiwon zabi. Wannan karon ka daure. Tunda tsoho ya ɗauke ka da daraja, duk abin da ya ce ka yi, ka yi shi ba musu. Ka sunkuyar da kanka ƙasa a gabansa, ba a koyo da girman kai. Kada in ji ka gudu.

Uwargijiyarka,
Rekiya

*

Guangzhou, 29 ga Nuwamba, 1998

Zuwa ga Hajiya Rekiya,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Har yau ban ga amsarki ba, an ce Dogara ya tsaya Dubai. Jikina garau, har ina iya taɓa yatsun ƙafa ban lanƙwasa gwiwa ba. Zuciyata ce a karkace yanzu. Wannan zan ba wani ɗan Kantin Kwari da zai tashi gobe.

Shekaranjiya na ga hotona manne a bangon makaranta, an zagaye shi da jan rubutu. Murna ta kama ni, na ɓamɓaro ɗaya, na haɗa da kwafen takardar da na dangwala, na kai wa Mutawakilu. Shi mutumin Zangon Kumasi ne, mai tura kaya ta ruwa, shekararsa shida a nan, Sinanci a bakinsa kamar ruwa. Ya karanta, ya cire tabarau, ya dube ni, ya ce: "Alaji, wa ya karanta maka kafin ka sa hannu?" Na ce babu. Ya ce: "Kai! Yatsanka ya sayar da kai."

Ga abin da ke ciki. Ba ɗalibin safe na zama ba. Yarjejeniya ce ta shekara biyar, ta zama almajirin cikin gida, magajin sirrin makaranta, abin da ba su taɓa ba baƙo ba. Kuma ranar goma sha takwas ga Fabrairu, kwana na uku na sabuwar shekararsu, za a yi biki a gaban manyan malaman kunfu na gari. A nan zan durƙusa in miƙa wa Sifu shayi da hannu biyu, sannan in kafa goshina a ƙasa sau uku, a gabansa da gaban hotunan malamansa da suka mutu.

Goshi, Rekiya! A ƙasa!

Yatsa ya yi gaba ido na barci,
Ya jefa ni ramin da ban gani ba;
Goshin da ya saba da alƙibla,
Ba zai koyi wata hanya da tsufa ba.

Na ja Mutawakilu muka tafi ofis wajen 'yar Sifu. Na roƙa a soke takardar. Ta ce "meyo", wato babu, kalmar da ta fi shinkafa yawa a garin nan. Na ce a bar mini karatun a cire durƙuson. Meyo. Na ce su riƙe duk abin da na biya, na yafe. Ta ce ba zancen kuɗi ba ne, an riga an raba katin gayyata, fuskar mahaifinta ce a kai. Ta ƙara da cewa in na karya alkawari dole ta sanar da ofishin shige da fice cewa ɗalibinsu ya gudu, kuma wanda aka rubuta wa haka, da wuya ya sake shigowa ƙasar. Kin san kasuwancina gaba ɗaya a wuyan takalman Zhanxi yake rataye.

Ba zan yi sujada ga ɗan Adam ba, wannan a rufe yake. Abin da nake nema shi ne ƙofar da zan fita ban tozarta mutumin da ya miƙar da bayana ba, ban kuma rufe wa kaina ƙasar ba. Ke kika gaji kan Kawu. Ki yi tunani, ki rubuto da gaggawa.

Naki,
Abdul-Jalil

*

Guangzhou, 3 ga Janairu, 1999

Hajiya Rekiya,

Barka da shan ruwa. Ina lafiya, ina fatan kuna lafiya.

Dogara ya iso jiya da wasiƙarki. Na buɗe ta kamar mai buɗe baki da dabino, sai na ci karo da tsakuwa. Na kai miki kukan sujada, kin amsa mini da cewa duk abin da ya ce in yi, in yi ba musu, in sunkuyar da kaina ƙasa a gabansa. Na karanta layin nan sau goma. 'Yar Kawu, jikar Malam, ke ce da wannan fatawa? In wasa ne na taubasai, ya wuce gona da iri. In da gaske ne, to takalma ba su kai nan ba.

Tunda babu taimako daga gida, na gwada dabaruna, kuma zan gaya miki su don ki san ban zauna ba. Na farko, na shiga makaranta a karkace, ina nishi, na ce ciwon baya ya dawo. Sifu ya kwantar da ni a benci, ya bi ƙashin bayana da yatsa kamar mai jan carbi, ya yi murmushi, ya ɗaga ni, ya ƙara mini rabin awa a tsayuwar doki. Da azumi a bakina na yi ƙarya, da azumi na sha hukuncinta, na kuma yi istigfari. Na biyu, na zama malalaci da gangan: in ya ce dama in yi hagu. Sai ya sallami kowa ya tsaya a kaina ni kaɗai, da haƙurin da ya sa na ji kunya ta rufe ni. Da ya lura ba na shan ruwa da rana, ba ki ga murnarsa ba! Mutawakilu ya ce cewa Sifu yake yi wa ɗalibai: ku dubi mai horon kansa na gaskiya.

Duk ƙofar da na tura, sai ta buɗe zuwa cikin ɗaki. Jiya tela ya zo ya gwada mini rigar biki, ja wur, ta siliki. Kuma in faɗi gaskiya, rigar ta yi kyau.

Saura kwana arba'in da shida.

Abdul-Jalil

*

Kano, 24 GA JANAIRU, 1999 (ka gani da manyan baƙaƙe)

Zuwa ga Abdul-Jalil, sarkin gaggawa,

Barka da Sallah. Muna lafiya. Halimatu ta san komai, ta ce a gaya maka ko garwashi za ka dawo sayarwa tana tare da kai, goshi dai kada ya taɓa ƙasa.

Kai wane irin mutum ne? Wasiƙar da ta ɓata maka rai tun farkon Nuwamba na rubuta ta, amsar ta farko ce, ta yi wata biyu tana yawo a jakar Dogara. A ciki na ambaci biki? Na ambaci shayi? Takardar Sinawa ka dangwala ba ka karanta ba, tawa kuma ka karanta sau goma ba ka gane ba. Laifina ɗaya, ban sa kwanan wata ba. Na tuba. Kai kuma ka tanadi ban-haƙurin 'yar Kawu.

Yanzu saurara. Kuskurenka, kana ta zarya wajen 'yar, kana yi wa uban wasan ɓuya. Ita takarda take tsaro. Shi kuwa mai sana'a ne, kuma masu sana'a ko'ina halinsu ɗaya. Ka tuna Baba a rumfarsa ta dukanci. Shekarar da wani ƙwararren mai ɗinkin sirdi ya baro maigidansa ya zo yana roƙo a karɓe shi, me Baba ya ce? Ya ce ko hannunsa zinariya yake zubarwa ba zai ɗauki mutumin wani ba sai da yardar mai shi, don wanda ya yi haka ɓarawo ne a cikin sana'a. Ina kyautata zaton tsohonka ma yana da wannan doka. Ka tambayi Mutawakilu.

In haka ne, kada ka ce masa ba ka so, kada ka ce masa al'adarsa ba ta da kyau. Ka gaya masa gaskiya: ya zo a makare, goshin nan da Mai shi. Kuma kada ka tsaya bayani da baki, kai in ka fara bayani sai an yi hamma. Ka kai shi ya gani da idonsa inda ka samo tabon da yake ta shafawa. Ka taɓa tambayar abin da ya ɗauke shi?

Ga goro fari ƙwarya guda cikin ganye, da yaji. Ba a zuwa wajen babba hannu sake. Ka je gidansa, ba makaranta ba, kada a yi a gaban ɗalibai.

Na ba Dogara, na ce in ya tsaya Dubai ban yafe ba.

Rekiya

*

Guangzhou, 19 ga Fabrairu, 1999

Zuwa ga Hajiya Rekiya, fitilar dangi, magajiyar hikimar Kawu, wadda na yi wa laifi ina kuma durƙushe ina tuba, durƙuson gwiwa ban da goshi,

Bayan gaisuwa mai ƙamshin nasara, ina lafiya, lafiya, lafiya! Ki zauna kafin ki karanta, ki kira Halimatu.

Wasiƙarki ta iso ranar Alhamis, sha ɗaya ga wata, saura mako guda cif. Na ruga wajen Mutawakilu na tambaye shi dokar. Ya buga cinya ya ce: "Wallahi akwai ta! A wajensu satar almajirin wani ya fi satar kuɗi muni. Alaji, wannan Hajiyar ta zo nan mu buɗe kamfani."

Da la'asar muka isa gidan Sifu da goro. Ya ɓare ɗaya ya ciza, fuskarsa ta tattare kamar tsohuwar jaka, amma ya haɗiye don girmamawa. Sai na yi tambayar da kika ce, wadda wata huɗu ban yi ba: me ya gani a goshina? Ya amsa, Mutawakilu ya fara dariya har ya kasa fassarawa. Rekiya, ashe akwai wani horo a kunfu da ake dukan bulo da goshi shekara da shekaru har wurin ya yi kanta. Tsohon ya ɗauka ni gwanin wannan fanni ne daga Afirka, na ɓoye kaina don tawali'u, kuma tsugunnon da na yi ranar farko roƙo ne a karɓe ni almajiri! Har an shirya bulo uku da zan fasa da ka a gaban baƙi. Ni da ko ƙofar shago ta buge ni sai na kwanta!

Na riƙe harshena kamar yadda kika umarta. Na ce kawai: gobe da rana ina roƙon ya raka ni ya ga wurin horona.

Ranar Juma'a muka tafi tsohon masallacin da ke kusa da tasha, mai itatuwa a farfajiya. Mutawakilu ya tsayar da shi a inuwa, muka shiga sahu. Mutane ɗaruruwa: Sinawa masu fararen huluna, Larabawa, 'yan Pakistan, mu 'yan Kano da Yamai da Kumasi. Liman ya yi kabbara, goshi ɗaruruwa suka sauka ƙasa lokaci guda. Na sha yin sujada a rayuwata, amma ban taɓa jin daɗinta kamar ta ranar ba.

Da muka fito na same shi tsaye inda muka bar shi, hannuwa a baya. Ya ce, shekara nawa kana wannan? Na ce arba'in, tun ina ɗan bakwai. Sau nawa a wata? Na ce sau biyar a yini. Ya ce, wa ake yi wa? Na ce Wanda ya yi ni, kuma Ya hana in yi wa waninsa. Ya ce, ana iya zuwa a nemi izininsa ya ba da aron ka shekara biyar? Mutawakilu ya ce: "Sifu, wannan Maigidan ba Ya ba da aro."

Tsohon ya daɗe yana kallon tabon. Sannan ya ce: "Almajirina mafi daɗewa shekara tara ya yi ya tafi. Kai shekara arba'in a ƙofa ɗaya, ni kuma ina shirin sace ka a gaban malaman gari. Da na ji kunyar da ba ta wankuwa. Me ya hana ka faɗa tun farko?" Na ce kunya. Ya ce, ciwon baya na ƙarya ma kunya ce? Ashe ya sani!

Jiya aka yi bikin. Ganguna, zakin rawa mai mutum biyu a ciki, hayaƙin abin fashewa har ba ka ganin na kusa da kai. Wani ɗalibinsa da ya shekara bakwai a makarantar, direban bas, shi ya miƙa shayin ya zama almajiri, yana hawaye don murna, kuma shi ya cancanta tun asali. Ni kuwa aka sa mini kujera a hannun daman Sifu, cikin babbar rigata mai aska takwas. Ya gabatar da ni da cewa baƙo ne daga wani gida, almajirin shekara arba'in. Dattawa suka miƙe suka haɗa dunƙule da tafi suka gaishe ni, ni ma na jinjina musu irin tamu. Bulo ukun, direban ne ya fasa su, da hannu.

Ba a fita ramin nan ba ƙura ba. Takardar zama ta ɗalibi ta tafi, 'yar Sifu ta rubuta cewa an sallame ni lafiya, tana rubutu tana harara. Na koma hawa jirgin Hong Kong kowane wata, kuma wallahi ban taɓa ganin jirgi mai kyau irinsa ba. Lambun Liuhua kuwa babu takarda a cikinsa, Sifu ya ce in zo kowace safiya in tsaya a baya tare da tsofaffi.

Da taro ya watse ya kira ni gefe, ya fito da yarjejeniyar, ya sa almakashi ya yanke wurin da na dangwala, ya ƙona sauran. Ya damƙa mini ɗan guntun a tafin hannu ya ce: "Ga yatsanka. Nan gaba ka riƙa tafiya da shi tare da ido."

Kowane gida da maigidansa,
Kowane takalmi da mai saka shi;
Yatsa na bayar an mayar mini,
Goshi kuwa tun asali da Mai shi.

Ki duba cikin ambulan a hankali kada ya faɗi, ɗan jan tambari ne kamar ƙwayar gyaɗa. Tun muna yara kike cewa ni bawanki ne ina musu. To, ga yatsan, na ba ki ajiya, don na ga a hannunki ya fi zama lafiya. Iyakar abin da zan iya bayarwa ke nan.

Naki, mai tuba,
Abdul-Jalil